Layin Alfarma a Gaban Alƙali

Ranar 1 ga Oktoba, 2025, wata alƙaliyar Babbar Kotu a Landan, Mai Shari'a Cockerill, ta umarci kamfanin PPE Medpro ya mayar wa gwamnatin Birtaniya fam miliyan 122. Kuɗin rigunan tiyata ne guda miliyan 25 da aka saya a tsakiyar annobar korona, waɗanda babu likita ko nas ɗin da ya taɓa sanya ko ɗaya daga cikinsu. Na sauka birnin ƙurar hukuncin ba ta kwanta ba. Jaridar da ake ɗauka kyauta a bakin tashar jirgin ƙasa maganar take yi, rediyon motar da ta ɗauko ni ma haka. Zumunci ne ya kai ni wurin ƙanwata, wadda ta daɗe tana aikin jinya a wani asibiti a gefen birnin. Da na ga ta tsaya cak da faranti a hannu tana sauraren labarai, sai na san a wurinta maganar ta wuce ta jarida.

"Yaya, ai ƙarshen labari ka tarar," in ji ta. "Farkonsa mu muka gani da idonmu."

Ta ce a watannin Maris da Afrilun 2020 babu abin da ya kai takunkumin fuska daraja a ɗakin marasa lafiya. Wanda aka yi don a sa sau ɗaya a jefar, sai a yi ta lallaɓa shi har a tashi aiki. A wani asibiti da ke arewa maso yammacin Landan an ɗauki hoton ma'aikatan jinya sanye da ledar shara a madadin rigar kariya, hoton ya zagaya duniya. Wani likita ɗan asalin Bangladesh, Dakta Abdul Mabud Chowdhury, ya rubuta wa Firaminista Boris Johnson roƙo a Facebook a kan a samar wa ma'aikatan lafiya kayan kariya, cikin Afrilu cutar ta kashe shi. Kafin shi, ranar 31 ga Maris, ta ɗauke Dakta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi ta jihar Kwara, mai shekara 68. Ya ƙarar da ƙarfinsa a asibitocin Ingila, ya yi ritaya, amma bai daina zuwa duba marasa lafiya ba. Yana cikin likitocin farko da annobar ta ci a ƙasar. Allah ya jiƙansu.

Na tambaye ta yadda aka yi maganar takunkumi ta kai gaban alƙali. Ta ce in bari sai na ga bangon tukuna.

Idan ka baro ginin majalisar dokoki ka haye gadar Westminster, ka sauka ta hannun dama, za ka tarar da shi: bango mai tsawon kusan rabin kilomita a gaɓar kogin Thames, yana kallon majalisar ido da ido. A ƙarshen Maris na 2021 iyalan mamata suka fara zana jajayen zukata a jikinsa, kowace zuciya rai ɗaya, yanzu sun haura 200,000. A cikin wasu an rubuta suna da 'yar addu'a, da yawan sunayen kuwa irin namu ne. Asibitin St Thomas yana bayan bangon, nan aka kwantar da Boris Johnson kansa lokacin da cutar ta kama shi. Muna tafe ƙanwata ba ta ce uffan ba har muka kai ƙarshensa. Duk wanda ya bi bangon nan zai gane cewa sayen safar hannu da takunkumi a waccan shekarar magana ce ta rai, kuma kowane fam da ya tafi a kayan banza wani ma'aikaci aka bari tsirara a gaban cuta.

Ga yadda aka yi sayayyar. A ƙa'ida, idan hukuma za ta sayi kaya masu tsada sai ta yi sanarwa, 'yan kasuwa su kawo tayi, a auna, a zaɓi ɗaya. Amma dokar kwangilar gwamnati ta 2015, wadda ke aiki a lokacin, ta bar ƙofa: in gaggawar da ba a zata ba ta taso, ana iya ba wa kamfani aiki kai tsaye ba tare da takara ba. Ta wannan ƙofar ma'aikatar lafiya ta bi, kuma babu mai hankalin da zai zarge ta a kan haka, don a lokacin duniya kaf wawason kaya take yi daga masana'antun Sin. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya ƙirga a rahotonsa na Nuwamban 2020 cewa zuwa ƙarshen Yuli an ba da kwangilolin annoba sama da 8,600, na fam biliyan 18, daga ciki na biliyan 10.5 babu takara. A cikin rahoton ne jama'a suka sami tabbacin abin da ake ta raɗe-raɗinsa, cewa an buɗe layi na musamman ga kamfanonin da ministoci, 'yan majalisa ko manyan jami'ai suka turo. Cikin kamfanoni 493 da suka bi wannan layin alfarma, 47 sun sami aiki, kusan ɗaya cikin goma. Cikin 14,892 da suka bi layin kowa da kowa, 104 ne suka samu, ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba.

Har zuwa nan babu abin da zai ba mutumin ƙasarmu mamaki. Mun san alfarma, mun san "wane ne ya aiko ka". Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Akwai wata ƙungiya mai suna Good Law Project, wadda wani lauya, Jolyon Maugham, ya kafa a 2017. Da karo-karo take shari'a: ta sanar a intanet cewa ga ƙarar da za ta shigar, mutane su yi ta turo abin da ya sawwaƙa, har kuɗin lauyoyi su haɗu. Ƙanwata ta ce ita ma ta jefa nata, haka abokan aikinta da dama. Ƙararta ta farko da ta yi tasiri a kan kwangilolin annoba ba ta zargi kowa da sata ba. Cewa kawai ta yi doka ta wajabta wa gwamnati ta buga sanarwar duk babbar kwangilar da ta bayar cikin kwana 30, ministan lafiya Matt Hancock kuwa bai yi ba. Ranar 18 ga Fabrairu, 2021, Mai Shari'a Chamberlain ya yanke cewa ministan ya saɓa doka. Hujjarsa ita ce an kashe dukiyar jama'a mai ɗimbin yawa, don haka jama'a suna da haƙƙin sanin wa aka ba, me aka saya, kuma ta wace hanya aka bayar. Ministan ya kare kansa da cewa jinkirin bai fi na mako biyu da 'yan kwanaki ba a matsakaici, kuma mutanensa suna can suna fafutukar ceton rai. Alƙalin bai ƙaryata wahalar da aka sha ba, sai dai a ganinsa wahala tana bayyana dalilin jinkiri ne, ba ta halatta shi. Ni ma haka na gani. Tunda an cire takara saboda gaggawa, sanarwar ita kaɗai ta rage da mutum zai riƙa ya yi tambaya. In ita ma aka ɓoye ta, babu sauran ido a kan kuɗin.

A cikin wannan hukunci akwai abin da ya tsaya mini a rai. 'Yan majalisa uku, Debbie Abrahams, Caroline Lucas da Layla Moran, sun shiga ƙarar tare da ƙungiyar. Alƙalin ya ce ƙungiyar tana da hurumin kawo maganar, su kuwa 'yan majalisar ba su da shi, tunda ga wanda ya fi su dacewa ya riga ya kawo. Ƙungiyar 'yan karo-karo ta tsaya a gaban kotu, masu kujera a majalisa aka ce su koma gefe.

Wani abokin mijin ƙanwata, lauya ɗan Zariya da ke aikin shari'un kwangila a can, shi ya ɗauke ni zuwa kotunan. Mun fara da babban ginin da ke titin Strand, wanda Sarauniya Victoria ta buɗe a 1882, mai dogayen hasumiyoyi da zauren da in ka shiga sai ka rage murya ba tare da an ce maka ba. Babu wanda ya tambaye ni takardar gayyata ko wurin wa na zo. Jakata aka duba a na'ura, aka miƙo mini abata. Jerin shari'un ranar yana nan a fili, da lambar ɗaki da sunan alƙali, wanda ka ga dama ka tura ƙofa ka zauna a bencin baya. Daga nan muka taka zuwa ginin Rolls, 'yar tafiya kaɗan, kusa da titin Fetter Lane. Sabon gini ne na 2011, na gilashi, inda ake shari'un kasuwanci da na gine-gine da na kwangilar gwamnati. Mun zauna a wani ɗaki ana gardama a kan wata yarjejeniya. Alƙalin ba ya sanye da hular gashin nan da har yanzu ake sawa a kotunanmu, domin tun 2008 alƙalan shari'un da ba na laifi ba suka ajiye ta. Kwamfuta ce a gabansa. Lauya ya ambaci shafi, kowa ya buɗe shafin, alƙali ya katse shi da tambaya, ya amsa, aka wuce. Babu tsawa, babu "a ɗage sai wata uku". Ya karanta takardun kafin ya shigo, kana gani ka sani.

Da muka fito muka sami wurin shan shayi, na ce, "Barista, to shi alƙalin nan, shi zai zaɓa wa asibiti takunkumin da ya fi kyau?"

"A'a, Malam," in ji shi. "Nan ne mutane ke kuskure. Alƙali ba ɗan kasuwa ba ne, ba kuma likita ba ne. Abu uku yake dubawa. Hukumar ta tsaya cikin ikon da doka ta ba ta? Ta bi hanyar adalci? Matakin da ta ɗauka ya yi hannun riga da hankali har babu wata hukuma mai tunani da za ta ɗauke shi? In ta tsallake ukun nan, ko alƙali yana ganin da shi ne da wani kamfanin zai ba, dole ya kama bakinsa."

Ya ba ni labarin asalin tambaya ta uku. A 1947 wani gidan silima a garin Wednesbury ya kai hukumar garin ƙara don ta sa sharaɗin kada a shigar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 ranar Lahadi. Kotu ta ƙi sa baki, ta ce ba ta rushe matakin hukuma don kawai wani yana ganin an tsaurara. Har gobe ɗaliban lauya a Zariya da Kano suna karanta wannan shari'a. Ina sauraronsa sai kasuwar hatsi ta faɗo mini: mai duba awo ba ya ce maka sayi geron wane ka bar na wane, tiyar yake dubawa, ya tabbata da ita aka auna wa kowa.

Da wannan ma'auni aka yi babbar shari'ar layin alfarma. Good Law Project ta haɗa kai da EveryDoctor, wata ƙungiya ta likitoci, suka ƙalubalanci kwangilolin kamfanoni uku. PestFix kamfanin maganin ɓeraye da ƙwari ne daga garin Littlehampton, wanda dukiyarsa a takarda ba ta wuce fam 18,000 ba, ya sami ayyuka na sama da fam miliyan 340. Clandeboye dillalin alewa ne daga Ireland ta Arewa, ya sami na riguna, fam miliyan 108. Ayanda Capital kamfanin zuba jari ne, ya sami na takunkumi, fam miliyan 252, ta hannun wani mai ba hukumar cinikayya ta gwamnati shawara. Takunkumi miliyan 50 daga cikin na Ayanda ba su yi amfani a asibitoci ba, saboda igiyarsu ta kunne ce, alhali wadda ake buƙata ita ce mai zagaya ƙeya ta matse fuska. Ɗan wannan bambanci na igiya shi ne tsakanin iska mai cuta da huhun nas.

An saurari ƙarar a watan Mayun 2021. A nan abin da ya fi komai burge ni a tsarinsu ya fito. A irin wannan shari'a wajibi ne a kan hukuma ta baje wa kotu gaskiyar yadda ta yanke shawara, har da takardun da za su cuce ta. Lauyan gwamnati ba shi da damar ɓoye fayil ya ce mai ƙara ya je ya nemo hujjarsa. Barista ya ce ana kallon abin ne a matsayin aikin haɗin gwiwa tsakanin kotu da hukuma don a tabbatar an yi mulki bisa doka, kuma lauyan da aka kama ya yi rufa-rufa, aikinsa ne a kan siraɗi. Ba wai cikin daɗin rai gwamnati ta yi ba, an sha ja-in-ja a kan abin da za a fitar da abin da za a shafe da baƙin tawada. Amma an fitar. Ta haka aka karanta wasiƙun ma'aikata a bainar jama'a, har da na wani jami'i da ke kukan cewa buƙatun manya sun yi musu katutu, suna hana su duba sauran tayi. Ta haka kuma aka ji cewa wani daga PestFix ya rubuta wa wani babban jami'in ma'aikatar yana ambaton abotarsa da surukin jami'in. Irin maganar da a wani wuri sai dai a yi ta a zaure bayan isha'i, ga ta a rubuce, da kwanan wata, a gaban alƙali da 'yan jarida. Kotun ta kuma sa iyaka a kan kuɗin da masu ƙara za su biya gwamnati in sun faɗi, don kada tsoron bashi ya kore su tun kafin a fara.

Ranar 12 ga Janairu, 2022, Mai Shari'a O'Farrell ta yanke hukunci. Ta ce layin alfarma ya saɓa wa ƙa'idar yi wa masu neman aiki daidai. An ba shi ma'aikata fiye da ɗaya layin, ana amsa masa da wuri, a lokacin da sauri shi ne komai, don kayan da aka yi maka tayinsu yau gobe wata ƙasa ta kwashe. Kuma abin da ke shigar da kamfani layin shi ne wanda ya turo shi, wannan kuwa ba ya nuna ingancin kaya. Saboda haka sanya PestFix da Ayanda a layin haramun ne a doka. Sannan ta juya ta ɗaya ɓangaren. Ta ce da ta duba tayin kamfanonin biyu, yawan kayan da suka ce za su kawo ya isa a ba su kulawar gaggawa, kuma ko ta layin kowa suka bi, da wuya su rasa aikin. Don haka ba ta soke kwangilolin ba. Clandeboye ma bai bi ta layin ba sam. Zargin cewa ba a binciki ƙarfin kamfanonin yadda ya kamata ba, shi ma ta yi watsi da shi.

Ƙanwata ba ta ji daɗin rabin nan na biyu ba, har yanzu ma in aka tayar da maganar sai ta girgiza kai. Na fahimce ta. Amma ni rabin na biyu shi ya sa na yarda da na farko. A lokacin jama'a a fusace suke, da alƙaliyar ta rushe komai da an yi mata tafi. Gwamnati kuma tana da ƙarfi, da ta wanke ta tas babu abin da zai same ta. Ta tsaya inda hujja ta tsaya, kowane ɓangare ya fita da abin da bai so ji ba. Wata tara bayan haka, a Oktoban 2022, wani alƙalin, Mai Shari'a Waksman, ya kori ƙarar da ƙungiyar ta shigar a kan kwangilar kayan gwajin jini da aka ba kamfanin Abingdon Health, ya ce bai ga son kai ba. Wanda ya kai gwamnati kotu a can ba shi da tabbacin nasara. Tabbacin da yake da shi shi ne za a buɗe fayil, a saurare shi, a rubuta masa dalili. Hukunce-hukuncen nan duka suna intanet kyauta, Barista ya buɗe mini na O'Farrell a wayarsa muna zaune.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na gano. Kotu ba ta dawo da kuɗin da suka salwanta ba. Lissafin ma'aikatar lafiyar na shekarar 2020 zuwa 2021 ya nuna cewa cikin fam biliyan 12.1 da aka kashe a kayan kariya, darajar biliyan 8.7 ta zube. Fiye da rabin asarar faɗuwar farashi ce bayan an saya da tsada, sauran kuwa kayan da ba su dace da asibiti ba ne, da marasa kyau, da waɗanda wa'adinsu zai ƙare a sito. Shari'a a Landan tana da tsadar gaske, kuma hukuncin layin alfarma ya zo ne bayan an daɗe da rufe layin.

Batun PPE Medpro da na tarar ya bi wata hanya daban, don a nan gwamnati ce da kanta ta kai ƙara. An yi wa kamfanin rajista a Mayun 2020, cikin 'yan makonni ya sami ayyuka biyu na sama da fam miliyan 200. Wadda ta tura shi layin alfarma ita ce Michelle Mone, 'yar kasuwa daga Glasgow da David Cameron ya kai majalisar dattawa a 2015. Ta daɗe tana musanta alaƙa da kamfanin, sai a Disamban 2023 ta amsa a wata hira da BBC cewa ta yi wa 'yan jarida ƙarya, mijinta Doug Barrowman ne ke jagorantar harkar. Alƙaliya Cockerill ta gano cewa yarjejeniyar ta buƙaci a tabbatar an kashe ƙwayoyin cuta a rigunan ta ingantacciyar hanya, kamfanin kuwa bai iya nuna hakan ba. A nan ma gwamnati ba ta sami duk abin da ta nema ba: ta nemi sama da fam miliyan 8 na ajiyar rigunan a sito, alƙaliyar ta ce ba ta kawo hujjar da ta isa ba. Kamfanin ya shiga hannun masu kula da kamfanonin da suka durƙushe ana gobe hukunci, wa'adin 15 ga Oktoba ya zo ya wuce bai biya ba. Hukumar yaƙi da manyan laifuka ta ƙasar tana bincike tun 2021, Mone da mijinta kuma sun ce ba su aikata laifi ba. A ganina, ba don shari'un farko sun yaye labulen layin nan ba, ba don 'yan jarida sun bi sawu ba, da wuya maganar ta kai inda ta kai.

A lokacin zaman lafiya ma tsarin yana aiki, sai dai ba ya shiga jarida. Barista ya ce yawancin aikinsa ke nan. Asibiti zai sayi na'urar ɗaukar hoton ciki ko ta wankin ƙoda, kamfanoni su yi takara, a zaɓi ɗaya. Kafin a sa hannu dole a rubuta wa waɗanda suka faɗi, a gaya musu yadda aka auna tayinsu da na wanda ya ci, sannan a dakata. A tsohuwar doka kwana 10 ne, a sabuwar da ta fara aiki ranar 24 ga Fabrairu, 2025, kwana 8 na aiki. Wanda ya ga an cuce shi ya garzaya kotu cikin kwanakin nan, sa hannu ya tsaya nan take. Asibitin kuma yana iya komawa wurin alƙali ya ce marasa lafiya ba za su iya jira ba, in alƙali ya gamsu ya ɗage dakatarwar, a ci gaba da shari'a a kan diyya. Wa'adin shigar da ƙara gajere ne, kwana 30 daga ranar da mutum ya san abin da ya faru, don kada a riƙe asibiti shekara da shekaru. Na tambaye shi ko ana yawan zuwa kotun. Ya ce, "Malam, amfaninsa ya fi yawa a shari'ar da ba a yi ba. Jami'in da ya san wata rana za a karanta wasiƙarsa a gaban alƙali, tun a ofis yake gyara alƙalaminsa."

A hanyar dawowa na yi ta tunanin asibitocinmu. Kowa ya san inda aka kawo na'ura da biki, aka yanke kyalle, bayan wata shida tana lulluɓe da ƙura, ana tura mara lafiya wani gari ya yi hoto. Kuma dokar ba rasa ta muka yi ba. Najeriya tana da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, wadda ta ba ɗan kwangilar da aka zalunta damar kai kuka wurin shugaban ma'aikata, daga nan zuwa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnati, daga nan zuwa Babbar Kotun Tarayya. Tana da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Ɗan kwangila kam da wuya ya kai ƙara, don yana tsoron a rufe masa ƙofa gobe. A Landan ma ba 'yan kwangila ne suka tono layin alfarma ba, likitoci ne da lauyoyi da masu turo fam biyar-biyar.

Don haka kirana ga ƙungiyar likitoci da ta ma'aikatan jinya da rassan ƙungiyar lauyoyi a jihohinmu yake. Ku zaɓi kwangila ɗaya tak ta kayan asibiti a jiharku, wadda kuka san kayan ba su zo ba ko sun zo ba sa aiki. Ku rubuta wa ma'aikatar lafiya a ƙarƙashin dokar 2011, ku nemi sunan kamfanin, da kuɗin da aka biya, da sunayen waɗanda suka yi takara da shi, da takardar karɓar kaya. Doka ta ba su kwana 7 su amsa. In suka yi shiru ko suka ƙi, kuna da kwana 30 ku kai maganar gaban alƙali, kuɗin lauya kuma ku haɗa shi da karo-karo.